YADDA A KE ƊAUKAR HOTON JIRGIN YAƘI YANA SHAN MAI A SARARIN SAMA

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wani irin hoto wanda ba na shakka kusan kowa a makarantan nan ya taɓa gani, ko a mujalla ko a waya. Jirgin yaƙi ne, an ɗauko shi daga bisa, kusa ƙwarai, har kana iya ganin matuƙin a zaune da hular kwanonsa, kana iya karanta rubutun da ke jikin jirgin. Ƙarƙashinsa gajimare ne fari fat kamar an baza auduga, ko kuwa teku. Wani dogon bututu ya sauko daga gefen hoton ya shiga bayan jirgin. Wanda ya duba zai ce jirgin tsaye ya ke cik, kamar an rataye shi da igiya.

In ka nuna wa yaran aji shida wannan hoto, tambayoyi uku za su yi maka. Za su ce, "Malam, mene ne aikin bututun nan? Mai hoton kuma a ina ya tsaya? Ƙaƙa aka yi hoton ya fita sarai alhali jirgin gudu ya ke yi?" Malamin da ya ce musu, "Aikin Turawa ne," ya yi shiru, lalle ya cuce su, gama ya koya musu cewa akwai abin da hankalinsu ba zai kai gare shi ba. Ga shi kuwa amsoshin nan uku ba su fi ƙarfin yaron da ya iya sau da rabawa ba. Saboda haka na ga ya kamata in rubuta su a nan, domin kada a tambaye mu ran koyon koyarwa mu kama sosa ƙeya.

DALILIN BA DA MAI A SAMA

Hausawa sun ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Abin da ke sa jirgin sama ya sauko ba don yana so ba, shi ne ƙarewar mai. Jirgin yaƙi ƙarami ne, injinsa kuwa mai ci ne ƙwarai. In aka cika masa ciki da mai, sai a rage makaman da zai ɗauka. In aka yi masa lodin makamai, sai a rage mai, domin akwai iyakar nauyin da zai iya tashi da shi daga ƙasa. Wannan ita ce matsalar.

Ƙasarmu ma ta shaida wannan matsala. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1940, Ingila ta riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi a ƙasar da a ke kira Gana yanzu. A can a ke haɗa su, sa'an nan su tashi zuwa Masar. Amma ba su iya tafiyar a tashi ɗaya. Sai sun sauka a Ikko, su sauka a Kano, su sauka a Maiduguri, su bi ta Fort Lamy wadda ta zama Njamena, da El Fasher, da Hartum, kana su isa Alƙahira bayan kamar kwana 6. Jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya. Kowane zango kuwa sai an tanadi fili, da ma'aikata, da gangunan mai.

To, dubi bambanci. Ran 13 ga Janairu, 2013, jiragen Faransa 4 masu suna Rafale suka tashi daga garin Saint-Dizier a Faransa, suka kai hari kusa da Gao a ƙasar Mali, suka wuce suka sauka a Njamena. Awa 9 da minti 35 suka yi a sama, ba su taɓa ƙasa ba ko sau ɗaya. Ba wai cikinsu ya fi na sauran jirage girma ba ne. Wasu manyan jirage ne masu dakon mai suka riƙa shayar da su a hanya. Watau zangon ne aka ɗauke daga ƙasa aka mai da shi sama.

YADDA AKA FARA

Farkon abin wasa ne na masu sai da rai. A cikin 1921, a Long Beach ta ƙasar Amurka, wani mutum mai suna Wesley May ya goya gwangwanin fetur mai cin galan 5, watau kamar garwa guda, ya taka fiffiken wani jirgi yana cikin tafiya, ya kama fiffiken wani ya haye, ya tsiyaya masa man. 'Yan kallo suka yi tafi, amma kowa ya sani ba da irin wannan za a yi aiki ba.

Ran 27 ga Yuni, 1923, a San Diego, sojan Amurka suka gwada hanyar da ta fi hankali. Jirgi ɗaya ya tashi bisa ɗaya, ya sako mesa mai tsawon ƙafa 50, na ƙasan ya kama ta da hannu ya sa a tanki. Lowell Smith da John Richter su ne ke cikin jirgin da ya sha man. Cikin watan Agusta na shekaran nan suka sake, suka yi awa 37 a sama ba saukowa. A Janairun 1929 kuma wani jirgi ya yi awa 150 yana kewaya bisa Los Angeles, ana sako masa mai ta mesa, abinci kuwa ta igiya. Sunan da suka sa wa jirgin ma'anarsa "alamar tambaya", domin ba wanda ya san ran da zai sauko. Shugabansu, Carl Spaatz, har fetur ya yi masa wanka sa'ad da mesa ta kuɓuce.

A Ingila, Sir Alan Cobham ne ya ɗauki abin da gaske, ya kafa kamfani dominsa a 1934. Da kayan kamfaninsa ne wani jirgin Amurka mai suna Lucky Lady II ya kewaye duniya a 1949 ba tare da ya sauka ba. Ya yi mil 23,452 cikin awa 94, aka ba shi mai a wurare 4: bisa tsibiran Azores, da ƙasar Saudiyya, da Filifin, da Hawai. Tun daga ran nan manyan ƙasashe suka gane cewa nisa ya daina zama garkuwa.

HANYOYI BIYU

Yau hanya biyu a ke bi, ya kamata kuma mu rarrabe su, gama kowace da irin hoton da ta ke bayarwa.

Ta fari ita ce ta mesa da kwando. Jirgin dakon mai ya kan saki doguwar mesa daga ƙarƙashin fiffikensa, a bakinta akwai wani abu mai kama da kwando ko babban mazurari, iska na riƙe da shi. Jirgin da ke jin ƙishirwa yana da wani ƙarfe kamar ƙaho kusa da hancinsa. Matuƙinsa ne zai lallaɓo daga baya, sannu sannu, abin da ya fi jirgin gaba gudu bai wuce tafiyar mutum a ƙasa ba, har ya soka ƙahon cikin kwandon. In ya tura mesar gaba kaɗan, sai fitila mai launin ganye ta kama, mai ya fara zuba. Kamfanin Cobham ne ya fito da wannan dabara a 1949. Ita ce sojan sama na Ingila da na Faransa da sojan ruwa na Amurka su ke amfani da ita. Amfaninta shi ne jirage biyu suna iya sha gaba ɗaya, ɗaya dama ɗaya hagu.

Ta biyu ita ce ta bututu, wadda kamfanin Boeing ya ƙago domin manyan jiragen jefa bom, masu bukatar mai da yawa cikin ɗan lokaci. A nan ba mesa mai lanƙwasa, sai bututun ƙarfe wanda in an miƙe shi ya kan wuce ƙafa 40, yana da 'yan fikafikai biyu kusa da bakinsa. Aikin matuƙin da ke neman mai shi ne ya zo ya tsaya a wurin da aka ce, yana duban fitilun da ke jere a cikin jirgin dakon, masu gaya masa ya hau ko ya sauka, ya matso ko ya ja baya. Wani ma'aikaci dabam, wanda zan kira mai bututu, shi ke tuƙa bututun da 'yan fikafikan nan har ya sa bakinsa cikin wata 'yar ƙofa a bayan jirgin.

Shahararren jirgin da ke wannan aiki shi ne KC-135. Ya fara tashi ran 31 ga Agusta, 1956, har yanzu kuwa yana bakin aiki, ya girmi iyayen waɗansu matuƙansa. Yana iya ɗaukar mai laba 200,000. Man jirgin jet ɗan'uwan kananzir ne, saboda haka bari mu auna shi da garwa: ya kai wajen garwa 6,000. Bututun yana iya zuba kamar galan 1,000 a minti ɗaya in babban jirgi ne ke sha, watau wajen garwa 200. Ku tuna da yadda mai tebur ke ɓata lokaci kafin ya cika kwalba ɗaya da mazurari.

SU WANE NE MASU HOTON?

A Ingila, da Holan, da Jafan, da Amurka, akwai mutane masu sha'awar jiragen sama kamar yadda waɗansunmu ke sha'awar ƙwallo ko dawaki. Akawu ne, ko malamin makaranta, ko direba, amma ran hutunsa sai ya ɗauki kyamara da tsani da littafi, ya tafi bakin shingen filin jirgi ya wuni. Kowane jirgi yana da lamba a wutsiyarsa, su kan rubuta lambobin nan su tara. Suna da ƙungiyoyi da mujallu. A watan Yuli dubbansu su kan taru a Fairford a Ingila domin babban bikin nunin jiragen soja.

Amma duk wanda ya tsaya a ƙasa, cikin jirgi kaɗai zai gani, ko gefensa, daga nesa. Burin kowane ɗayansu shi ne ya ga jirgin a inda ya ke aikinsa, watau a sama, ido da ido. Hanyar da ta fi sauƙi kuwa ita ce ya sami wurin zama cikin jirgin dakon mai, gama shi ne rijiyar da tilas kowa ya zo.

Ba a sayen tikitin wannan tafiya. Hukumar soja ce ke gayyata, yawanci 'yan jarida da masu ɗaukar hoto domin mujallun jirage, wani lokaci kuma 'yan ƙungiyoyin nan. Mutum ya kan nema a rubuce, a bincika ko shi wane ne, ya jira. Ko an ba shi rana, ana iya fasawa da safen nan saboda hadari ko lalacewar inji, ya koma gida hannu rabbana. Su sojan kuwa ba don alheri kaɗai su ke yi ba. Suna so talakawan da ke biyan haraji su ga inda kuɗinsu ya shiga, suna so samari su yi sha'awar shiga aikin, suna so kuma abokan gaba su ga ƙarfinsu. Ya kamata mai duban hoton ya riƙe wannan a zuciyarsa.

A Ingila wurare biyu ne aka fi tashi. Ɗaya Mildenhall, inda Amurka ta ajiye jiragenta KC-135. Ɗaya kuma Brize Norton, gidan jiragen Ingila masu suna Voyager. Shi Voyager asalinsa jirgin fasinja ne, Airbus A330, yana da kujeru 291, yana ɗaukar mai tan 111. Wanda ya shige shi zai zauna a kujera sosai, ya leƙa ta taga irin ta fasinja. Bisa ga ƙa'ida, jiragen da ke neman mai su kan fara jeruwa a gefen hagu, su koma baya su sha, sa'an nan su jeru a gefen dama su jira 'yan'uwansu. Saboda haka sai ka ga masu hoto suna ƙaura daga tagogin hagu zuwa na dama, kowa yana neman inda rana ta fi haska jirgin.

KC-135 kuwa ba shi da wannan jin daɗi. Tagoginsa kaɗan ne, ƙara ta yi yawa sai an toshe kunne, ƙasan jirgin kuma da sanyi. Can wajen wutsiya akwai wani ɗan rami da a ke sauka ciki. A nan mai bututu ke kwanciya rubda ciki, haɓarsa bisa wani ɗan matashi, yana duban baya da ƙasa ta wata taga, hannunsa na dama a kan sandar tuƙa bututun. Dama da hagunsa akwai wurin kwanciyar mutum ɗaya ɗaya. Wannan shi ne wurin da mai hoto ke mafarki. In baƙin suna da yawa sai su yi layi, kowa ya sami 'yan mintoci. Amsar tambayar yara ta biyu ke nan: mai hoton ba a tsaye ya ke ba, a kwance ya ke bisa cikinsa, mil 4 ko 5 bisa ƙasa.

ABIN DA YA SA HOTON KE FITA SARAI

Nan ne darasin ya ke, ina roƙo ku bi ni da alli.

Cikin kyamara akwai wani ɗan ƙyaure mai buɗewa ya rufe kamar ƙiftawar ido. Muddin yana buɗe haske na shiga. In abin da a ke ɗauka ya gusa kafin ƙyauren ya rufe, hoton ya kan fita dishi-dishi. To, a ce jirgi yana gudun mil 360 a awa. Raba da 60, ka sami mil 6 a minti. Mil ɗaya ƙafa 5,280 ne, saboda haka mil 6 ƙafa 31,680 ke nan. Sake rabawa da 60, ka sami ƙafa 528 a daƙiƙa ɗaya. Ko da ƙyauren ya buɗe na kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa kaɗai, jirgin ya riga ya gusa wajen inci 6. Shi ya sa mai hoton da ke ƙasa tilas ya riƙa bin jirgin da kyamararsa kamar maharbi yana bin tsuntsu.

Amma wanda ke kwance cikin jirgin dakon mai, shi ma gudun mil 360 ɗin ya ke yi. Ɗebe 360 daga 360, saura sifiri. A wurinsa jirgin yaƙin bai gusa ba. Kowa ya taɓa ganin irin wannan a hanya. In motoci biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu ɗaya, yaron wannan mota yana iya miƙa wa yaron waccan goro, alhali itatuwan bakin hanya suna wucewa fyu fyu. Ba a faɗin gudun abu sai an faɗi daga inda a ke dubansa. Wannan ita ce ƙa'idar da ta sa hoton ke fita, ita ce kuma ta sa ba da man ya yiwu tun da fari.

Duk da haka aikin yana da wuya. Gilashin tagar kauri gare shi, sau da yawa da ƙarce ko ɗigon mai. Yana kuma mai da hasken da ke cikin jirgi kamar madubi, har mutum ya ɗauki hoton rigarsa bai sani ba. Don haka gwanaye su kan sa baƙaƙen tufafi, su lulluɓe gefen kyamara da baƙin ƙyalle. Su kan matso da idon kyamara dab da gilashin amma ba su bari ya taɓa, gama jikin jirgi rawa ya ke yi kullum, rawar kuwa za ta shiga hoton. Ba su bukatar dogon gilashin nan mai jawo abu daga nesa, domin jirgin yana kusa ainu. An hana kunna walƙiyar kyamara, kada ta kashe wa matuƙi ido a lokacin da ya fi bukatarsa. Jirgin dakon kuma ba miƙewa ya ke yi ba, kewaye ya ke yi a fili guda kamar dokin sukuwa, saboda haka rana tana gabanka yanzu, an jima tana bayanka. Wanda ya daɗe yana leƙe ta cikin kyamara jirgi na juyawa, zuciyarsa ta kan tashi. Ƙaramin jirgin yaƙi kuwa 'yan mintoci kaɗan ya ke yi ya ƙoshi ya tafi. Wanda bai shirya ba kafin ya iso, ya yi asarar tafiyar.

ABIN DA HOTON BA YA NUNAWA

Hoton yana nuna natsuwa, amma abin da ke wurin shi ne jirage biyu, ɗaya cike da mai ɗaya cike da makamai, tsakaninsu bai fi tsawon ɗakin aji ko biyu ba. In mai bututu ya ga abin zai ɓaci, akwai kalma guda da ya kan faɗa sau uku a rediyo. Da jin ta jirgin dakon zai ƙara wuta, na bayan ya rage gudu ya yi ƙasa. A wannan lokaci baƙo ba shi da magana, sai ya riƙe kyamararsa ya yi shiru.

Ba kullum a ke tsira ba. Ran 17 ga Janairu, 1966, bisa ƙauyen Palomares a ƙasar Sifen, wani jirgin jefa bom B-52 ya yi karo da KC-135 wajen shan mai. Mutum 7 suka mutu, 4 na jirgin dakon duka, da 3 na ɗayan. Bama-baman nukiliya 4 suka faɗo. Ba su tashi irin tashin nukiliya ba, amma biyu sun fashe sun watsa guba a gonakin mutane, ɗaya kuma ya faɗa teku, sai cikin watan Afrilu aka tsamo shi. Manoman Palomares ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. A Disamban 2018 ma, kusa da gaɓar Jafan, jiragen Amurka biyu suka yi karo a wajen koyon wannan aiki da dare, mutum 6 suka rasu.

Neman hoton kansa ya taɓa cin rai. Ran 8 ga Yuni, 1966, a Kalifoniya, aka jera jirage 5 a sama domin a ɗauke su hoto saboda kamfanin General Electric wanda ya ƙera injunansu. Ba shan mai a ke yi ba, hoto kaɗai. Wani ƙaramin jirgi F-104 ya matsa kusa da wani ƙaton jirgin gwaji mai suna XB-70, iskar fiffiken babban ta fizge shi, ya bugi wutsiyarsa. Joe Walker, ɗaya daga cikin gwanayen matuƙan Amurka, ya mutu nan take, Carl Cross na cikin babban jirgin shi ma ya mutu. Shi ya sa ba a yarda mai hoto ya roƙi matuƙi ya matso ko ya karkata, sai abin da aka shirya tun a ƙasa.

Abu na uku da hoton ke ɓoyewa shi ne inda jirgin za shi. A 1982, lokacin yaƙin Ingila da Ajantina a kan tsibiran Falkland, Ingila ta aika da jirgin Vulcan guda ɗaya daga tsibirin Ascension ya jefa bom a filin jirgin Port Stanley. Nisan ya kai wajen mil 3,900, zuwa kaɗai. Kafin jirgi ɗayan nan ya isa sai da jiragen dakon mai 11 suka tashi, suna shayar da shi, suna shayar da juna, wanda ya ba da nasa ya juya gida. Tafiyar ta ci kusan awa 16. A wajen lissafi abin a yaba ne. Amma kada mu manta, amfanin bututun nan shi ne ya kai yaƙi inda da ba zai iya kaiwa ba. A ganina ba laifi ba ne mutum ya yi sha'awar kyaun jirgi da gwanintar matuƙinsa, sai dai ya san abin da ya ke sha'awa.

TAGAR TANA RUFEWA

Wanda ke son irin hoton nan na kwance, lokacinsa ya fara ƙurewa. Sabon jirgin dakon mai na Amurka, KC-46, wanda aka fara miƙa wa soja a 2019, ba shi da ramin nan na wutsiya. Mai bututunsa yana zaune a gaba kusa da matuƙa, yana duban allo, kyamarori ne ke nuna masa abin da ke baya. Wani jirgin kuma, KC-10, wanda ke da babbar taga inda mai bututu ke zaune a kujera, an sallame shi daga aiki a 2024. A Yunin 2021 har wani jirgi marar matuƙi, MQ-25, ya ba jirgin yaƙi mai a sama. Ran da KC-135 na ƙarshe ya sauka, hotunan da masu sha'awan nan suka tara za su zama shaidar wani aiki da mutum ya yi shekaru da dama yana yi da idonsa da hannunsa.

GARGAƊI DA SHAWARA

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauki wayarsa ya nufi bariki. Dukan hotunan da na yi magana a kansu da izini aka ɗauke su, sau da yawa kuma sai hafsa ya duba su kafin a buga. A Nuwamban 2001 aka kama Ingilishi 12 da mutanen Holan 2 a Kalamata ta ƙasar Girka, 'yan sha'awar jirage ne masu rubuta lambobi. Suka yi wajen mako 5 a tsare, kotu ta same su da laifi a shari'ar leƙen asiri, sai a Nuwamban 2002 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke su. Abin da ke wasa a wata ƙasa laifi ne a wata. Mu gargaɗi yaranmu: ba a ɗaukar hoton wurin soja sai an tambaya an yarda.

Ga wanda zai koyar kuwa, ga abin da na ke ba da shawara. Ka manna hoton a allo, ka bar yara su yi tambayoyinsu kafin ka ce komai. Sa'an nan ka fita da su fili. Ka ba yaro ɗaya kwalba da ruwa, ɗaya kuma gwangwani. Su yi tafiya tare, na farkon ya tsiyaya wa na biyun ba tare da sun tsaya ba. In ɗaya ya fi ɗaya sauri ruwan zai zube, in sun daidaita ƙafa zai shiga. Su sake da sassarfa. Bayan haka ku koma aji ku yi lissafin ƙafa 528 tare, ku auna garwa nawa ke shiga cikin minti 3. A darasin labarin ƙasa ku bi hanyar Takoradi zuwa Alƙahira a taswira, ku sa tsakuwa a kowane zango, sa'an nan ka tambaye su ko tsakuwa nawa za ta rage in da akwai jirgin dakon mai a 1940. Kayan aikin duka kwalba ne da gwangwani da alli, akwai su a kowace makarantar ƙauye da za a tura mu.